Gwanin Ɗakin Hoto

Hoton ƙirji ba ya cin lokaci. Tsakanin danna maɓalli da gamawar inji ko ƙiftawar ido ba a kaiwa. Amma wanda ya danna maɓallin, in dai a Nijeriya ya yi karatu, shekara biyar ya kwashe a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, kafin hukumar da ke yi wa masu sana'ar rajista, wadda aka kafa a 1987, ta sakar masa mara ya yi aiki shi kaɗai. Jami'ar Bayero ta Kano tana koyar da fannin, haka ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri. Ɗalibansu sun saba da tambayar 'yan uwa a gidan biki: "To wai shekara biyar duk a kan ɗaukar hoto?" Mai tambayar bai yi laifi ba. Iyakar abin da ya gani ke nan ranar da likita ya tura shi ɗakin hoto: an tsayar da shi, an ce ya ja numfashi, ya ji ɗan ƙara, an ce ya mai da rigarsa. Aikin da aka yi a kansa cikin minti ukun nan bai gan shi ba.

Hoton eksire inuwa ce. Haske ne mai ratsa jiki, wanda Wilhelm Rontgen ya gano a garin Wurzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895. Ƙashi yana tare shi, nama ya rage masa ƙarfi, iska ta bar shi ya wuce. Inda hasken ya tsira ya faɗa kan kaset, wato allon da ke kama hoton, nan ke fita baƙi; inda aka tare shi ya fita fari. Duk wanda ya taɓa wasa da inuwar hannunsa a bango gaban aci-balbal ya riga ya san rabin ilimin: ka kai hannu kusa da wuta inuwa ta yi girma ta dusashe, ka manna shi da bango ta dawo daidai da hannun, ka karkata shi yatsu biyar su koma uku. Likitan da zai karanta hoto inuwar kaɗai ke zuwa gabansa. Bai ga yadda aka tsayar da mai ita ba, dole ya yarda da wanda ya tsayar.

Zuciya tana gaba-gaba ne a cikin ƙirji, shi ya sa ake juya majiyyaci ya ba inji baya, ya manna ƙirjinsa da kaset, a kuma ja injin ya yi nisan santimita 180. Da haka inuwar zuciya ke fitowa kusan daidai girmanta. Likita kuwa awo yake yi: in faɗin zuciya ya haura rabin faɗin ƙirji, sai ya fara zargin ta kumbura. A ɗauki mutumin nan ta gaba, yana kwance, inji na kusa, lafiyayyar zuciya sai ta fito kamar ta mai ciwo. Don haka idan dole ta sa aka bi majiyyaci gadonsa da inji, gwani yakan rubuta a jikin hoton cewa ta gaba aka ɗauka, a kishingiɗe, kada likita ya auna abin da ba ya aunuwa.

Tsayuwar kanta kowane ɓangarenta da dalilinsa. Haɓa a ɗage. Bayan hannuwa a kan ƙugu, gwiwar hannu a turo ta gaba, kafaɗu a sake su su faɗo. Turo gwiwar hannu don allon kafaɗa ake yinsa: in an bar shi inda Allah ya ajiye shi zai hau gefen huhu, ya ɓoye abin da aka zo nema ko shi kansa ya yi kama da cuta. Sai numfashi. In an ja numfashi mai zurfi, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yana sauka ƙasa, huhu ya cika da iska ya buɗe sosai. Mai hoto yana ƙirga haƙarƙari a allon kwamfuta, yana neman tara ko goma ta baya a saman tantanin. In bakwai ya samu an yi aikin banza, domin gindin huhu ya cunkushe ya yi fari-fari kamar limoniya, zuciya kuma ta baje. Yana duba ƙasusuwan nan biyu na gindin wuya, ko tazararsu da ƙashin baya ɗaya ce hagu da dama. In ɗaya ya fi kusa, mutumin ya karkace, kuma karkacewar da ido ba zai kama a tsaye ba ta isa ta sa huhu ɗaya ya fi ɗan'uwansa duhu.

Wata 'yar Ingila mai wannan sana'a, Kathleen Clark, ta tattara irin waɗannan ƙa'idoji a littafin da ta fitar a 1939, gaɓa bayan gaɓa, daga yatsa har ƙoƙon kai. Har yau ana sabunta shi ana bugawa, ɗalibai ma da sunanta kawai suke kiransa. Ana iya haddace Clark tas. Abin da haddar ba za ta yi maka ba shi ne tsayar da tsoho ɗan shekara tamanin, wanda tari ya cinye, kunne ya yi nauyi, bai taɓa taka asibiti ba, kuma tun a mota wani ya gaya masa hoton nan jini yake sha. Nan ne amfanin darasin ilimin halayyar ɗan Adam da ke cikin manhajar karatunsu ke fitowa. A Amurka ma, inda galibi shekara biyu ake yi a kwaleji a fito aiki, darasin na cikin waɗanda akan ɗora wa ɗalibi. Ɗalibai da yawa cike-gurbi suke ɗaukarsa, har ranar da aka bar su da majiyyacin farko.

Tsoro ba a zuci kaɗai yake zama ba, sauka yake yi a jiki. Numfashi ya gajarce, kafaɗu su ɗage, gwiwa ta kama rawa, kunne ya daina riƙe magana, kuma kowanne daga cikinsu ya isa ya ɓata hoto. Mai jin tsoro in ka jero masa umarni biyar, sa'a ce ya kama ɗaya. Gwani ba ya jerowa. Tun daga bakin ƙofa yake fara aiki, da gaisuwa cikakkiya: "Baba, sannu da ƙoƙari. Ya ƙarfin jikin? Daga ina aka taho?" Amsar ita ke gaya masa ko tsohon yana ji sosai, da wane kunne, ko Hausa ta zauna a bakinsa ko Fulatanci ya fi masa sauƙi, ko yana iya kai jimla ƙarshe numfashi bai yanke ba, ko ƙafarsa za ta ɗauke shi. Ya tabbatar suna da shekaru sun yi daidai da na takarda, domin Muhammadu uku a layi guda ba abin mamaki ba ne. Sannan ya nuna da jikinsa. "Baba, dube ni. Haka za ka yi." Ya ja numfashi, ya riƙe, ya saki. "To mu yi tare."

Maɓallin hawa biyu ne. Rabin dannawar farko yana tayar da wani faifan ƙarfen tangistan a cikin injin, ya riƙa juyawa kusan sau 3,000 a minti, domin kashi 99 cikin ɗari na wutar da ke dukansa zafi take komawa, abin da ke zama haske bai wuce kashi ɗaya ba. In bai juya ba wuri guda zai ci wuta ya lalace. Juyawar tana da ƙara, kuma ƙarar ce ke sa baƙo ya waiga a daidai lokacin da bai kamata ba. Wanda ya san aikinsa ya riga ya faɗa: "Za ka ji inji yana gurnani a bayanka, babu abin da zai taɓa ka." Ya koma bayan gilashi, yatsa a rabin maɓalli, ya ɗaga murya: "Ja numfashi. Ƙara. Riƙe!" Sabon hannu yakan danna da zarar ya rufe baki, alhali tsoho bai ma gama gane an yi magana ba. Gwani idonsa na kan bayan tsohon, sai ya ga haƙarƙari sun buɗe sun tsaya cak sannan yatsa ya sauka. Ba ya kuma manta cewa, "To saki, Baba." Akwai bayin Allah masu biyayya da za su ci gaba da riƙewa har jiri ya ɗebe su.

Kafin a kai ga nan akwai batun cire kaya, wanda a wurinmu ya fi injin wuyar sha'ani. Duk abin da ke da ƙarfe ko kauri zai fito: sarƙa, ƙugiyar rigar mama, fil ɗin hijabi, jigida a hoton ƙugu, mabuɗi a aljihu. Har jelar kitso mai kauri, in ta kwanta a baya, takan fito a saman huhu kamar tabo, daidai inda tarin fuka ya fi son zama. Sai kuma laya da guru da kambu. Ma'aikacin da ya ce wa dattijo "cire wannan tarkacen" ya riga ya rasa haɗin kansa ko da an cire. Na ga wanda ya iya. Bai tambayi mene ne a ciki ba, bai nuna ya ga wani abin mamaki ba, cewa kawai ya yi: "Baba, wannan za ta rufe mana wurin da likita ke son gani. Riƙe ta a hannunka, ba sai ka ajiye ba." Hannun kuwa yana kan ƙugu, wajen hoto. Laya ba ta bar jikin mai ita ba, huhu ya fito fes.

Da mata abin ya fi laushi. Saita hoto yana bukatar laluben ƙashi da hannu, don haka sai an faɗi kafin a taɓa: "Hajiya, zan sa hannu a gefen ƙugunki nan, ƙashi nake nema." In akwai mace ma'aikaciya ita ta fi, in babu a tsayar da wata a ɗakin. Ga kuma tambayar da ba ta da makawa: duk macen da ke shekarun haihuwa, in hasken zai bi ta ciki ko ƙugu, sai an ji yaushe rabonta da al'ada, ko tana zaton tana da juna biyu. Amarya a gaban uwar miji, budurwa a gaban mahaifinta, mai cikin fari da ko uwarta ba ta iya gaya wa ba, ka tambaye su a bainar jama'a, amsar da kunya ta zaɓa za ka samu. Gwani yakan nemi hanyar raba su ba tare da kowa ya tsargu ba. "Mama, ki ɗan jira mu a waje, ba a son hasken ya taɓa wanda ba shi za a ɗauka ba." Gaskiya ya faɗa. Ƙofa na rufuwa sai ya yi tambayar a hankali, ido a kan takarda.

Kalmar da aka zaɓa ma tana shiga jiki. A 2005 wata likitar hoto a Boston, Elvira Lang, da abokan aikinta sun fitar da sakamakon nazarin maganganun da ma'aikata ke yi wa marasa lafiya ana cikin aiki. Sun tarar gargaɗi irin na "zai yi zafi fa" ba ya rage ciwo, ƙara shi yake yi, ya ƙara fargaba. Ba wanda ya ce a yi wa majiyyaci ƙarya; a gaya masa abin da zai ji da sunan da ba zai firgita shi ba. A hoton siti, wanda ke nuna jiki yanka-yanka, sau da yawa ana ɗura wani ruwa ta jijiyar hannu don ya haska hanyoyin jini. Ruwan kan sa mutum ya ji ɗumi yana bin jikinsa, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, da wani ji kamar fitsari ya kuɓuce masa. Bai kuɓuce ba. Amma ka ƙaddara dattijuwa mai kiyaye tsarkinta, kwance a gaban baƙi, ta ji haka ba a gaya mata ba. Zabura za ta yi, a daidai sakan ɗin da injin ke bin ruwan, ruwan kuwa ba ya jiran kowa. "Hajiya, za ki ji ɗumi har ƙasa kamar kin yi fitsari. Ba ki yi ba, alwalarki na nan. Yanzu zai wuce." Wannan 'yar maganar ta hana a maimaita hoton da haskensa ya kai na hoton ƙirji ɗaruruwa.

Yara yawanci da tsoron da aka ɗora musu a gida suke isowa: in ba ka yi shiru ba likita zai yi maka allura. Farar riga kaɗai ta isa ta tayar da kuka. Masana halayya sun daɗe da sanin cewa tsoron da aka koya ana iya kwance shi. A 1924 Mary Cover Jones, a New York, ta raba wani yaro ɗan kusan shekara uku da tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron ke cin abin da yake so, da kuma barinsa ya ga wasu yara suna wasa da shi. Mai hoto ba shi da makonni irin nata, minti biyar gare shi, amma hanyar ɗaya ce. Ya durƙusa idonsa ya yi daidai da na yaro, ya bar shi ya taɓa kaset, ya haska fitilar saiti a hannun uwar tukuna: "Ka ga Umma ba ta ji komai ba." Ba ya ce wa ɗan shekara huɗu za a ga ƙashinka, don yaro zai ɗauka yanka shi za a yi. Ba ya ce masa riƙe numfashi, cewa yake yi ya cika ƙirji zai hura balan-balan. Jariri kuwa ba a lallashinsa da magana, kukan nasa ma taimako ne. Tsakanin tsala ihu da tsala ihu yana jan numfashi mai zurfin da ko an roƙa ba za a samu ba. Gwani yana bin tashi da faɗuwar kukan, ya danna a daidai ƙarshen jan. Uba ko uwa na riƙe da hannuwan sama, sanye da rigar dalma, bayan an tabbatar uwar ba ta da ciki.

Inda na fi ganin hannu ya bambanta da hannu shi ne wajen waɗanda suka yi hatsari. Ƙa'ida ita ce karaya ba a yarda da ita ta fuska ɗaya: sai an ɗauka ta gaba, an ɗauka ta gefe, domin ƙashin da ya karye ya hau kan ɗan'uwansa yana iya fitowa miƙe sumul ta fuska guda. In dogon ƙashi ne a haɗa da gaɓar sama da ta ƙasa, don ƙafar da ta karye kusa da idon sawu wani lokaci tana da wata karayar can kusa da gwiwa. Littafi ya ce a juya majiyyaci. Ɗan acaɓan da mota ta bi ta kansa ba ya juyuwa. To sai a bar shi yadda yake, a juya injin. Tsohuwa ta faɗi a banɗaki, an kawo ta ƙafa ɗaya ta gajarce, tafin ya kwanta waje: kafin a ɗauki komai mai hoto ya riga ya yi zargin wuyan ƙashin cinya ya karye. A hoton ƙugu na yau da kullum akan karkato ƙafafu ciki kamar digiri 15. A nan ko kusa. Lafiyayyar ƙafar ake ɗagawa, a kwantar da inji ya harba ta gefe, a jingina kaset a ɗaya gefen. Duk lissafin kusurwar da aka yi a aji da alli, nan ake yinsa a ka, cikin dare, 'yan uwa na salati a bakin ƙofa.

Nacin a samu hoto tun a karon farko yana da tarihi. Mutanen farko ba su san hasken yana ci ba. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, a hannuwansa yake gwada fitilun eksire. Sai da aka yanke hannuwan duka biyu, ya rasu da ciwon daji a 1904. Yau hoton ƙirji ɗaya bai wuce abin da mutum ke sha daga ƙasa da duwatsu da sararin sama cikin 'yan kwanaki ba, don haka masu cewa yana shan jini su kwantar da hankalinsu. Sitin ciki kuwa ya kai na shekara biyu ko uku. Dokar sana'ar ita ce kada a ba jiki fiye da abin da amsar likita ke bukata. Abu biyu mai hoto ke saitawa: ƙarfin ratsawa da yawan haske. A ƙarfin ratsawa, tafin hannu kilobolt 50 zuwa 60 ya ishe shi, ƙirji kan haura 100. Sauran kuma ido ne: ƙato da siriri, tsohuwar da ƙashinta ya zaizaye, mai ciki cike da ruwa, ƙafar da ke cikin filasta, kowa da nasa awon.

A zamanin fim kuskure ba ya ɓuya. Ka yi yawa hoto ya fito baƙi ƙirin, ka yi kaɗan ya fito fari fat, bayan ka gama wahalar wanki a ɗakin duhu. Kwamfuta ta kawo sauƙi, ta kuma kawo jarrabawa. Yanzu in haske ya yi kaɗan hoto kan fito da ɗige-ɗige, likita ya yi ƙorafi. In ya yi yawa kwamfuta ta gyara shi ya fito tas, babu mai cewa uffan. Hannu sai ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan don gudun magana, majiyyaci na shan abin da bai kamata ba, bai kuma sani ba. Ma'aikacin da ke tsayawa a ƙaramin awo, yana tsuke bakin haske ya tsaya iya gaɓar da aka nema, alhali ba mai kama shi in ya yi akasin haka, shi ne a ganina ya cancanci a kira shi gwani. Kansa kuma yana karewa da nisa, domin ninka tazara sau biyu yana mai da haske kashi ɗaya cikin huɗu. Akwai ɗan ma'auni maƙale a rigarsa da ake karantawa lokaci-lokaci, ƙa'idar duniya kuwa ba ta yarda ma'aikaci ya wuce milisibat 20 na hasken a shekara ba in an daidaita shekaru biyar.

Ɗakin em-ar-ai wata duniya ce. Babu eksire a cikinsa, maganaɗisu ne, wanda aka fi amfani da shi ya ninka na ƙasa kusan sau 30,000, kuma ba a kashe shi dare da rana. A 2001 a jihar New York ya fizgi tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe ta daki wani yaro ɗan shekara 6 da ke ciki, ya rasu. Shi ya sa tambayoyin bakin ƙofa ba su da wasa: akwai na'ura a zuciya, an taɓa sa ƙarfe a ƙashi, akwai harsashi a jiki, mai walda ne ko maƙeri da burbushin ƙarfe ya taɓa shiga idonsa? Sannan a tura mutum cikin rami mai faɗin santimita 60 zuwa 70, a ce kada ya motsa minti ashirin ko arba'in, inji na buga ƙara kamar ana fasa dutse. Ba sai an faɗi abin da kwanciyar ke tuna wa mutum ba. Da yawa suna fitowa su ambaci kabari da bakinsu. Ana toshe kunne, a rufe ido tun kafin gado ya motsa, in gaɓar ta ba da dama a fara shigar da ƙafafu. Mafi amfani duka shi ne 'yar robar da ake damƙa masa a hannu: "In ka matsa wannan zan tsaya in fito da kai." Tun a 1972 David Glass da Jerome Singer suka nuna cewa mutanen da aka ba maɓallin tsayar da ƙara sun fi jure ta, ko da ba su danna ba. Tsakanin zagaye da zagaye murya na zuwa ta lasifika: "Malam, kana ƙoƙari. Saura minti huɗu. Ka ci gaba da zikirinka a zuci, kai dai kada ya motsa."

Ilimin halayyar bai tsaya kan majiyyaci ba, ya haɗa da idon ma'aikacin kansa. A 2013 Trafton Drew da abokan aikinsa a Boston sun saka hoton goggon biri, wanda ya ninka matsakaicin ƙullutun huhu sau 48, cikin hotunan sitin ƙirji, suka ba likitocin hoto 24 su nemi ƙullutu. Ashirin ba su ga birin ba, kuma na'urar bin ido ta nuna yawancinsu sun kalli wurin. Ido abin da aka aike shi yake kawowa. Haka wanda ya ga karaya ɗaya yakan ji ya gama, ta biyun ta wuce shi. Maganin shi ne tsari: a bi hoto lungu-lungu kafin a sallami mutum, kowane lokaci, ko an gaji. Harafin dalma mai nuna dama ko hagu kuwa kafin a danna ake ɗora shi a kaset, ba daga baya a zauna a yi hasashe da gefen da zuciya take ba, domin kusan mutum ɗaya cikin dubu goma zuciyarsa a dama take.

Sai fuska. Mai hoto shi ne mutum na farko da ke ganin abin da ke cikin ƙirjin nan, majiyyaci kuma ya san haka, yana mai da riga yana karanta fuskarsa. "Likita, me ka gani?" Ba hurumin mai hoto ba ne ya faɗi cuta. Ba ya kuma cewa "hoto ya yi kyau", don mai tambaya lafiya lau zai ji, ya tafi gida da ita. "Ya fito yadda likita zai iya karantawa, shi zai yi maka bayani." Ya faɗa da irin muryar da ya gaishe shi da ita, ko me ya gani. Amma in abin da ya gani ba ya jira ne, kamar huhun da ya sace iska ta taru a gefensa, ba ya miƙa wa mutum takarda ya ce ya koma layi. Zaunar da shi yake yi, ya je ya kira likita da ƙafarsa.

Sassan hoto masu tsari suna ajiye lissafin hotunan da aka ƙi aka maimaita, su zauna lokaci-lokaci su duba dalili. A zamanin fim yawan haske ko ƙarancinsa ne ke kan gaba. Tun da kwamfuta ta karɓi wannan ɓangaren, abin da ya fi sa a maimaita hoto shi ne kuskuren tsayar da majiyyaci: kafaɗa ta karkace, an yanke gefen huhu, an danna kafin a gama jan numfashi.